Keris, Wuƙar Mutanen Jawa: A Duba Ruwa Kafin Kube

Mu 'yan kasuwa a nan Sabo mun saba da cewa ba a cinikin biri a sama. Da yake akwai masu harkar kayan gargajiya a cikinmu, bari mu ɗan taɓa tarihin wata wuƙa ta ƙasar Indunusiya mai suna keris, don kada wata rana ado ya ci mana jari.

Asalinta tsibirin Jawa ne. Ta bunƙasa a zamanin daular Majapahit, wadda aka kafa a 1293. Maƙerinta, da suke kira empu, yakan haɗa baƙin ƙarfe da ƙarfen nikel, ya yi ta ninkawa yana bugu. Daga baya a wanke ta da lemon tsami da wata guba, sai zane fari-fari ya fito kamar an zuba ruwa. Wata miƙaƙƙiya ce, wata kuwa tana da lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Lanƙwasar nan ba ta zuwa cif-cif, sai dai 3, 5, 7, har 13 ko fiye.

Masana can abu uku suke dubawa a ruwan wuƙar. Na farko dhapur, wato siffa. Na biyu pamor, zanen nan da muka ambata. Na ƙwarai a cikin ƙarfen yake, na jabu kuwa a sama aka zana shi. Na uku tangguh, wato kintacen zamani da wurin da aka ƙera ta. Nan ne ake cin mutane, domin akan jiƙa sabuwa a ruwan asid ta zaizaye, a ce ai gadon sarakuna ce.

To, kube fa? Namu na fata ne, aikin dukawa. Nasu na itace ne, irin su sandal, sunansa warangka. A birnin Surakarta akwai ladrang mai baki kamar kwalekwale, na biki, da gayaman na yau da kullum. Akan lulluɓe jikinsa da tagulla, azurfa ko zinariya. Amma kube riga ne, ana sauya shi. Sau tari tsohuwar wuƙa tana cikin sabon kube, ko a sa banza cikin mai tsada. Mai lura sai ya zare ya mayar, ya ga ko bakin kuben ya zauna daram da gindin wuƙar.

Darajarta ta wuce kuɗi. Yarima Diponegoro ya yaƙi Turawan Holan daga 1825 zuwa 1830, aka tafi da wuƙarsa ƙasarsu, ba a mayar da ita gida ba sai 2020. Hukumar UNESCO ma ta sa keris cikin gadon duniya a 2005.

Wasu a can suna cewa tana da asiri. Mu dai mun san amfani da cutarwa na Allah ne. Abin da ke namu shi ne a zare a duba kafin a ce albarka. Allah ya tsare mu da asara, amin.