SANKARAR KAPOSI: BAYANI GA JAMA'A DA JAMI'AN ƘANANAN HUKUMOMI

Gabatarwa

Sankarar Kaposi wani nau'in ciwon daji ne da ke tsirowa daga bangon ƙananan jijiyoyin jini da na ruwan jiki, yana kuma bayyana a matsayin tabbai ko ƙuraje a fata. An sanya wa cutar sunan Moritz Kaposi, wani likitan fata ɗan ƙasar Hangare da ya yi aiki a birnin Biyana, wanda ya fara bayyana ta a shekarar 1872. A shekarar 1981 ne aka ga ta yawaita a tsakanin samari a Amurka, kuma hakan na daga cikin abubuwan da suka sa likitoci suka gano cutar ƙanjamau. A yau tana cikin ciwace-ciwacen dajin da suka fi addabar masu ɗauke da ƙwayar HIV a nahiyar Afirka.

Abin da ke haddasa ta

A shekarar 1994 wasu masana biyu, Yuan Chang da Patrick Moore, na Jami'ar Kolombiya da ke Niyok, suka gano ƙwayar cutar birus da ke haddasa wannan sankara, wadda likitoci ke kira HHV-8. Galibi tana yaɗuwa ne ta hanyar yawu, kuma a ƙasashen Afirka da dama tun ana yara ake ɗaukar ta a cikin gida. Mafi yawan waɗanda ke ɗauke da ita sukan rayu har tsufa ba tare da wata alama ba, domin garkuwar jikinsu tana danne ta. Sai garkuwar ta raunana ne ƙwayar ke samun damar sa jijiyoyin su yi ta tsiro ba bisa ƙa'ida ba.

Waɗanda ta fi kamawa

Likitoci sun kasa cutar gida huɗu. Na farko shi ne wanda ke kama masu ɗauke da HIV, musamman waɗanda ba su san matsayinsu ba ko suka daina shan magani. Wannan ne aka fi gani a asibitocinmu. Na biyu shi ne wanda aka sani a tsakiya da gabashin Afirka, kamar Uganda da Kwango, tun kafin bayyanar ƙanjamau. Na uku yana kama waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko wani sashen jiki, saboda magungunan rage garkuwa da suke sha. Na huɗu kuma yana kama dattawa maza a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum da gabashin Turai. Don haka kuskure ne a yanke wa mutum hukuncin yana da ƙanjamau daga ganin tabo kawai; gwaji ne ke tabbatarwa.

Alamomi

1. Tabbai ko ƙullutai a fata. A jikin baƙar fata sukan fito baƙi ƙirin ko ruwan ƙasa mai duhu, a jikin mai haske kuma ja ko shunayya. Da farko ba su cika ciwo ko ƙaiƙayi ba, kuma ba sa dusashewa idan an danna su.
2. Sun fi fitowa a ƙafa, tafin ƙafa, fuska, hanci da al'aura.
3. Tabo a cikin baki, a ganɗa ko dasashi, wanda kan hana cin abinci idan ya girma.
4. Kumburin ƙafa mai tauri, wanda wasu kan ɗauka tundurmi ne.
5. Kaluluwa a wuya, hammata ko matsematsi, musamman ga yara.
6. Idan ta shiga huhu, akan sami tari, numfashi sama-sama ko tofar da jini, har a zaci tarin fuka ne. Idan ta shiga hanji, akan sami ciwon ciki ko jini a bayan gida.

Ganowa da magani

Hanyar tabbatar da cutar ita ce likita ya yanki ɗan ƙaramin nama daga tabon a kai ɗakin gwaji. Ana kuma yi wa majiyyaci gwajin HIV da hoton ƙirji. Idan an same shi da HIV, babban magani shi ne fara shan magungunan ARV ba tare da jinkiri ba. Yayin da garkuwa ke farfaɗowa, tabban da ba su yi nisa ba sukan ragu ko su ɓace cikin watanni. Wasu kan ga tabban sun ƙaru a makonnin farko. Wannan ba dalilin ajiye magani ba ne, sai dai a koma wurin likita da gaggawa.

Idan cutar ta bazu ko ta taɓa huhu, ana haɗawa da allurar kashe ƙwayoyin daji, wani lokaci kuma da gashi na na'ura. Ana tura irin waɗannan majiyyata manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri.

Abubuwan da ya kamata a guje wa

Kada a kai wa wanzami ya tsaga tabon ko ya yi ƙaho a kansa, domin yana cike da jijiyoyin jini, yana iya zubar da jini ya zama gyambo. Kada a sha ƙwayoyin sa ƙiba irin su Dexamethasone da Prednisolone ba da umarnin likita ba, saboda suna ƙara raunana garkuwa, cutar ta tsananta. Wannan ciwo ba sammu ba ne, ba kuma kuturta ba, kuma taɓa tabon ko gaisawa da majiyyaci ba sa sanya wa mutum sankara. A daina tauna wa jarirai abinci ko shafa musu yawu a ciwo.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekaru 15 zuwa 49 na ɗauke da HIV. Gwaji da wuri da dagewa kan shan magani su ne rigakafi mafi inganci daga wannan sankara. Ana buƙatar ma'aikatan ɗakunan shan magani su riƙa duba fata da cikin bakin duk mai karɓar ARV, su kuma rubuta takardar tura shi gaba da zarar sun ga tabon da ba su gane ba. Hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai su taimaka wajen wayar da kan jama'a, su kuma tunatar da su cewa dokar ƙasa ta shekarar 2014 ta haramta nuna wariya ga masu ɗauke da HIV a wurin aiki, makaranta ko asibiti. Duk wanda ya ga baƙin tabo a jikinsa da ya wuce makonni bai warke ba, ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa da shi.