Toyota Prado mai shan gazuwal: inda masu ita suka fi kuka a injin, wuta da sitiyari

Toyota Land Cruiser Prado na cikin manyan motoci kat-kat da aka fi gani a titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, a hannun ma'aikatun gwamnati, ƙungiyoyin agaji da manyan ƴan kasuwa. Sunan da ta yi wajen juriya ba a banza ta same shi ba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ke faɗawa hannun ɗaiɗaikun mutane tsofaffi ne, sun riga sun ci doguwar tafiya a Turai ko a ƙasashen Larabawa kafin a sauke su a tashar Lome ko ta Kwatano. Idan injin irin wannan mota ya buga, kuɗin gyaransa na iya sayen ƙaramar mota. Ga wuraren da koke-koken masu ita suka fi taruwa, da dalilin kowane.

Wace Prado, wane injin

Prado kala-kala ce. Akwai samfurin 90 da aka ƙera daga 1996 zuwa 2002, sai 120 daga 2002 zuwa 2009, sai 150 da ta fito a 2009 ta shafe shekara goma sha huɗu a kasuwa, sannan sabuwar 250. A Turai ba a liƙa mata sunan Prado, Land Cruiser kawai ake rubutawa.

Abin da ya fi shekarar muhimmanci shi ne injin, kuma lambarsa na rubuce a jikin ɗan allon da kampani ke liƙawa a motar. Na gazuwal da aka fi cin karo da su huɗu ne: 5L-E mai lita 3 marar turbo, 1KZ-TE mai lita 3 da turbo, 1KD-FTV mai lita 3 wanda aka fi sani da D-4D, da 1GD-FTV mai lita 2.8 da ya fito a 2015.

Na farkon ba shi da wani kuka sai nawa. Ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, wuce babbar mota a kan hanyar Dosso sai an yi lissafi, amma yana haƙuri da mai marar kyau fiye da sauran. Shi kuwa 1KZ-TE zafi ne makashinsa. Kan injin, wato kilas, na alminiyom ne, kuma idan ya yi zafi fiye da kima yakan tsage. Alamarsa ruwa ya riƙa raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a lagireto, farin hayaƙi na fita ta salansa. Sau da yawa laifin yana komawa ga lagireto da ya toshe saboda ruwan rijiya, ko fankar da ta daina kamawa da ƙarfi.

D-4D da ɗan zoben da ke kashe injin

Mafi yawan maganar tana kan 1KD-FTV. A wannan injin famfo ɗaya ke matse gazuwal cikin bututu guda da ƙarfin da ya wuce bar 1,300, sannan kwamfuta ta riƙa buɗe anjakter huɗu suna fesa shi. Ƙarƙashin kowane anjakter akwai ɗan zobe da ke hana iskar ƙonewa tserewa sama. A motocin farko zoben na jan ƙarfe ne, kuma yakan saki. Da ya saki, hayaƙi mai zafi sai ya shiga inda baƙin mai ke yawo, ya dafa shi ya zama gawayi. Gawayin nan yana gangarawa kaskon mai ya toshe rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta. Daga nan mai ya daina isa ga ƙarafan injin, kuma kafin fitilar mai ta kama a tablo sau da yawa aikin gama ya gama.

Abin takaicin shi ne zoben kansa ba shi da tsada ko kaɗan. Toyota ta canja shi da wani mai rufi da ya fi jure zafi, kuma shi ya kamata a sa duk lokacin da aka cire anjakter, ba a mayar da tsohon ba. Alamun da ke riga lalacewar zuwa su ne farin hayaƙi ko shuɗi idan an tayar da mota da safe, da wani sauti kamar na kurɓa idan an buɗe marfin zuba mai injin na aiki. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ranar bidanji: bayan mai ya tsiyaye, a leƙa da ƴar fitila ta ramin da ya fito, ana iya hango rariyar. Idan ta yi baƙi ƙirin da dunƙulen gawayi, kada motar ta bar garaji.

Kuka na biyu tsagewar fistan ne, wanda aka fi ji a injinan da aka ƙera daga wajajen 2006 domin cika ƙa'idar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 4. Motar na cikin gudu da kaya sai ƙarfi ya faɗi, injin ya kama rawa, hayaƙi ya turnuƙe. Anjakter da ya gaji yana zuba mai fiye da kima na ƙara zafi a kan fistan, haka ma ƙara wa injin ƙarfi ta hanyar taɓa kwamfutarsa. Anjakter mai shirin mutuwa yakan yi ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani lokacin da injin ke da sanyi. Na'urar bincike, wadda masu gyara ke kira balis, tana nuna yawan man da kwamfuta ke ƙara wa ko rage wa kowane anjakter don su daidaita. Wanda ya yi nisa da ƴan uwansa shi ne mai ciwon. Sabon anjakter kuma yana zuwa da lambobinsa, dole a shigar da su cikin kwamfutar motar. Masu gyara da dama suna tsallake wannan, mai mota ya biya kuɗin sabbin kaya ya koma gida da tsohuwar ƙara.

Akwai kuma wani ɗan bawul a jikin famfon gazuwal da ke auna man da ke shiga. Idan ya fara maƙalewa, mota takan yi jinkirin tashi, ta riƙa fizga, ko ta mutu a tsaye. Ana canja shi shi kaɗai. Kada a yarda a sayi famfo sukutum kafin a gwada shi.

Bel ɗin da ke haɗa motsin injin a 1KD ana canja shi a kilometa 150,000, kuma fitilar T-BELT na kamawa don tunatarwa. Kashe fitilar abu ne na ƴan mintoci, saboda haka rashin ganinta a motar da ake sayarwa ba shaida ba ce cewa an canja bel. Injin 1GD sarƙa yake da ita a madadinsa.

Matatar hayaƙi da shari'ar Ostareliya

Injin 2.8 da aka yi wa Turai da Ostareliya yana ɗauke da matata a salansa, DPF ko FAP a faransanci, mai kama ƙurar baƙin hayaƙi. Idan ta cika, kwamfuta na ƙara mai don zafi ya kai wajajen digiri 600 ya ƙone abin da ya taru. Wannan yana son doguwar tafiya. Motar da aikinta kai yara lakwal da zagayen kasuwa ba ta samun wannan zafin, sai matatar ta toshe, shan mai ya ƙaru, ƙarfi ya ragu.

A Ostareliya maganar ta kai kotu. A watan Afrilun 2022 Kotun Tarayya ta ƙasar ta yanke cewa matatar da ke cikin motoci Prado, Hilux da Fortuner fiye da 260,000 da aka sayar tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020 tana da aibi, ta kuma ƙiyasta cewa darajar kowace mota ta ragu da kashi 17.5 cikin ɗari. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa kashi 10, sannan a Nuwamban 2024 kotun ƙolin ƙasar ta ce a sake lissafin diyyar. Hukuncin bai shafi wanda ya sayi motarsa a nan ba, amma ya tabbatar da abin da masu motocin suka daɗe suna faɗa: farin hayaƙi mai wari da yawan komawa garaji.

Ingancin gazuwal na da hannu a ciki. Tun 2009 Turai ta ƙayyade sinadarin sulfur a gazuwal zuwa kashi 10 cikin miliyon, kuma a kan wannan man aka tsara matatar. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda ya ninka ƙa'idar Turai sau 378. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka gwada, kuma tana da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, sai dai man da ake saye a kwalba ko jarka bakin hanya babu wanda zai ce ga asalinsa, ga ruwa da ƙasa da ke shiga cikinsa. Idan fitilar ruwa a mai ta kama, a tsaya a tsiyaye matatar gazuwal nan take. Motocin Turai na baya-bayan nan suna kuma shan ruwan AdBlue, idan ya ƙare ƙaf kwamfuta na hana injin sake tashi. Mai shirin zuwa Agadas da irin wannan mota ya tafi da guzurinsa.

Ƙura ma ta shiga jerin koke-koken 1GD. Masu motar sun ba da rahoton ƙura mai laushi na ratsa gefen matatar iska ta kwanta a kan na'urar auna iskar da ke shiga injin, sai kwamfuta ta rage ƙarfi don kare shi. A ƙasar da hunturu ke ɗaukar watanni, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Al'adar busa matatar iska da iskar kwampuresa mai ƙarfi tana huda takardarta, gara a canja.

Wuta

A nan koke-koken suna da yawa amma akasarinsu masu sauƙi ne. Zafi na cin batir da wuri, kuma wasu motocin ƙasashen sanyi batir biyu suke da shi a haɗe. Idan aka canja ɗaya aka bar tsohon, tsohon ne zai kashe sabon. Idan an murɗa makulli aka ji ƙas sau ɗaya injin bai juya ba alhali batir na da wuta, galibi wasu ƙananan jan ƙarfe ne a cikin demarer suka cinye, kuma ana sayar da su daban. Altanater mai lafiya yakan ba da tsakanin volt 13.5 da 14.5, ko da yake na wasu D-4D na baya yana rage wuta idan injin ya ɗau zafi, abin da ke sa wasu su canja shi alhali lafiyarsa lau.

Abin da ya fi tayar da hankalin direba shi ne fitilu uku ko huɗu su kama lokaci guda a tablo. A Prado, idan kwamfutar injin ta ga kuskure, takan kashe tsarin hana sulɓi, sai fitilun VSC da TRC su biyo ta injin. Ciwon ɗaya ne, sauran rakiya suka yi. A sa balis a karanta lambar kafin a taɓa komai: P0087 na nufin ƙarfin mai ya faɗi a bututu, P0401 na nuna bawul ɗin EGR da ke mayar da hayaƙi cikin injin ya toshe, P2463 kuma matatar hayaƙi ce ta cika. Goge lambar ba gyara ba ne.

Fitilar kulle tayoyi huɗu mai ƙiftawa ba ta tsayawa kuwa, yawanci ɗan motan da ke shigar da giyar ne ya ƙage don an daɗe ba a yi aiki da shi ba. Sauran matsalolin wuta da yawa hannun mutum ne ya jawo su: wanke injin da ruwa mai ƙarfi, yin walda ba a cire batir ba, yanke wayoyi don haɗa rediyo ko ƙarin fitilu. Ɓeraye ma na yin nasu a motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi.

Sitiyari

Prado 120 da 150 sitiyarinsu na aiki ne da famfon mai da doguwar sanda mai haƙora, wadda ake kira kiremayer. A gefenta biyu akwai roba mai lanƙwasa da ke hana ƙasa shiga. Da ta yage a hanyoyin jar ƙasa masu gargada, yashi zai cinye abin da ke riƙe mai, sai yoyo ya fara, famfo ya riƙa kuka idan an juya. Man da aka tsara masa shi ne na giyar otomatik irin Dexron. Zuba man burki a ciki na kumbura robobin ya lalata su gaba ɗaya. Ƙwanƙwasar da ake ji a hannu idan an hau gargada takan fito daga robobin da ke riƙe kiremayer, ko daga gaɓar sandar da ta sauko daga sitiyari. Rawar sitiyari a gudun kilometa 100 kuwa a fara duba daidaiton tayoyi. Sabuwar 250 ta koma sitiyari mai aiki da wuta.

Wanda ke iya cin rai shi ne rotil na ƙasa a Prado 90. Yadda aka tsara shi, nauyin mota na jan sa ne waje, saboda haka idan ya cinye yana iya ficewa baki ɗaya, tayar gaba ta kwanta ƙarƙashin mota ana cikin gudu. A 2005 Toyota ta kira motoci da dama, har da wasu Prado, don canja wannan rotil. Sitiyarin da ya yi nauyi ba dalili ko ƙara idan ana juyawa a hankali gargaɗi ne. A wannan wuri dai piyes na arha ba su da wani amfani.

Akwai kuma motocin da aka ƙera da sitiyari a dama, aka mayar da shi hagu a garajojin Dubai kafin a turo su Afirka. Aikin na buƙatar canja kiremayer, tablo da tarin wayoyi, kuma ingancinsa ya dogara da hannun da ya yi. Irin waɗannan motoci kan haɗa ciwon wuta da na sitiyari a lokaci guda. Mai saye ya duba bangon da ke tsakanin injin da ɗakin mota ko akwai tabon walda ko ramin da aka toshe a dama, ya duba ko masu share gilashi suna kwantawa ta gefen da ya dace da direban hagu. Haka nan ana sauya wa tsohuwar 150 fitilu da gaba ta koma kamar ta shekarun baya-bayan nan. Lambar shasi ce ke faɗin ainihin shekarar da aka ƙera ta, kuma da ita wakilin Toyota zai iya duba ko motar na cikin waɗanda aka taɓa kira don gyara.