Daga Manzon Sarki zuwa Rauta: Yadda Saƙo ke Shiga Gida a Ƙasar Gwandu

Duk hukumar da ta taɓa ɗaukar nauyin isar da saƙo a ƙasar Gwandu, ta sarauta ce ko ta Turawa ko ta kamfani, iyakar ɗawainiyarta ita ce ta kawo shi bakin ƙofa, abin da ya rage daga ƙofa zuwa cikin gida kuwa alhakin mai gida ne. Wannan rabon aiki ne ya sa a wasu gidaje da ofisoshi da shagunan kwamfuta na garin Kalgo ake ganin akwati biyu a maimakon ɗaya: modem, wato na'urar da kamfanin sadarwa ke bayarwa don ta karɓo intanet daga waje, da kuma rauta, wadda mai gida ke saye da kuɗinsa don ta rarraba abin da aka karɓo zuwa wayoyi da kwamfutocin mutanen gida.

Bayan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba ragamar daula a 1812, ya damƙa yammacinta ga ƙanensa Malam Abdullahi, Gwandu ta zama cibiyar da wasiƙu ke fita zuwa Yawuri da Nupe da Ilorin, suna ɗauke da umarnin naɗin sarauta da hukuncin shari'a da kiran yaƙi. Da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi, a ba manzo amintacce wanda sau da yawa yakan riƙe wani ɓangaren maganar a bakinsa, kuma idan ya isa, a zaure yake tsayawa, sai an sami malamin da zai karanta ya fassara kafin maganar ta wuce ciki. Rubutu ya yi tafiya mai nisa ta waɗannan hanyoyi, domin a Gwandu ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya ci karo da kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Sanghai da aka wallafa a Tambutu, lokacin da ya ratsa garin a 1853 zamanin Sarki Halilu.

Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903, sun zo da wayar tangarahu da gidan waya, amma don amfanin mulki suka shimfiɗa su, kuma da yake fadar Gwandu ta koma Birnin Kebbi, can layukan suka nufa. Talaka a Kalgo bai san wayar girke a ɗakinsa ba, ko a zamanin Turawa ko bayan kafa kamfanin tarho na ƙasa, NITEL, a 1985, ko ma bayan da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a 27 ga Agusta, 1991. Zuwa shekarar 2000 layukan tarho masu aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawansu kuma a manyan birane suke.

Wannan rashi shi ya raba tarihin modem a nan da tarihinta a Turai da Amurka. A can, aikin modem na farko shi ne ta juya bayanan kwamfuta su zama sauti don su bi ta wayar tarho ta tagulla da ta riga ta shiga kowane gida; irin wadda kamfanin Bell ya fitar a 1962 tana aika ƙwayoyin bayani 300 ne kacal a daƙiƙa, kafin a kai 56,000 a ƙarshen ƙarnin. Da waifai ya bayyana, wato hanyar haɗa na'urori ta iska a ɗan taƙaitaccen wuri, wanda aka tsara ƙa'idarsa a 1997 aka raɗa masa suna a 1999, sai aka sayi rauta aka jona a bayan tsohuwar modem. Ƙasar Gwandu ta tsallake wannan mataki kusan ɗungurungum. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, Glo ya biyo a 2003, kuma ta ƙarafan sabis ɗin waɗannan kamfanoni ne intanet ta iso hannun jama'a. Modem ta farko da ɗalibai da ma'aikata suka sani 'yar ƙarama ce da ake saka wa sim a cusa a jikin kwamfuta, mutum ɗaya take yi wa aiki. Daga baya aka kawo akwatin da ya haɗa aiki biyu a ciki ɗaya, yana karɓar sabis daga ƙarfe yana kuma watsa waifai.

Buƙata ta ƙaru a Kalgo bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da kuma bayan hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Gidajen hayar ɗalibai da shagunan cike takardu suka fara neman intanet ɗin da za ta ishi mutane da yawa a lokaci guda, nan kuwa aka gane iyakar akwatin kamfani. Wurin da ya fi kama sabis, wato kusa da taga ko can sama a gefen da ke fuskantar ƙarfe, ba lalle ne ya zama wurin da mutane ke zaune ba, kuma gidan Bahaushe ba ɗaki biyu da falo ba ne: sassa ne a kewaye da tsakar gida, da katangu masu kauri da rufin kwano da ƙofofin ƙarfe, dukkansu masu raunana igiyar rediyo. Waifai mai zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi jinkiri da cunkoso, mai gigahaz 5 ya fi sauri amma bango biyu sun isa su gajiyar da shi. Mafita ita ce a bar akwatin kamfani inda sabis yake, a ja kebul, wanda ke iya kaiwa mita 100 ba tare da rauni ba, zuwa rauta ta biyu a inda ake buƙata.

A nan ne sana'ar masu saita intanet ta samo gindinta, domin jona kebul kaɗai ba ya wadatarwa. Kowace na'ura da ke kan intanet tana buƙatar adireshi, wato jerin lambobin da ake gane ta da su, tsohon tsarin kuwa adireshi biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa, babban rumbunsu na duniya ma ya ƙare a Fabrairun 2011. Tun a 1994 aka tsara dabarar da ake kira NAT, inda gida guda ke fita waje da adireshi ɗaya, rauta kuma ta raba wa na'urorin ciki adireshin gida, galibi masu farawa da 192.168, tana riƙe da lissafin wanda ya aika me, don amsa ta koma wa mai ita. Idan akwatin kamfani yana wannan aiki, rautar mai gida ita ma tana yi, saƙo ya zama baƙon da zai ratsa zaure biyu, kowanne da mai yi masa iso wanda bai san da ɗayan ba. Mai kallon bidiyo ba zai ji komai ba, amma firinta da ke jone a akwati na farko za ta ɓace wa kwamfutar da ke na biyu, idan kuma akwatunan biyu suka zo daga masana'anta da lamba iri ɗaya, kamar 192.168.0.1, sai intanet ta tsaya cak alhali fitilu duk suna ci.

Littattafan Turai sukan ba da shawarar a sa modem a yanayin gada, wato a kashe mata aikin rarrabawa ta zama mashigi kawai. Shawarar ba ta cika amfani a nan ba, saboda yawancin akwatunan sim ba su da wannan zaɓi ko an kulle shi, kuma kamfanonin salula su ma suna haɗa ɗimbin masu layi a bayan adireshi ɗaya tun daga cibiyarsu, abin da ke sa mai shago ya kasa leƙa kyamarar tsaronsa kai tsaye daga nesa sai ta manhajar masu kyamarar. Abin da ƙwararru suka fi yi shi ne akasin haka: su kashe wa rauta ta biyu aikin rabon adireshi, su ba ta lambar da ba ta karo da ta farko, su mayar da ita mai watsa waifai kawai. Aikin ɗan lokaci ne ga wanda ya sani, kuma mafi yawan masu yin sa ba a aji suka koya ba, a shagon gyaran waya ko na kwamfuta suka gani a hannun maigidansu, kamar yadda ake koyon kowace sana'ar hannu.

Sauran aikin ya shafi amana da wuta. Data kuɗi ce, ta kuma ƙara tsada bayan da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, don haka mai gida yakan nemi a sa kalmar sirri mai ƙarfi, a ware wa baƙi da maƙwabta layi daban, a kuma canza kalmar shiga shafin saiti, wadda da yawa ke bari yadda ta zo daga kanti. Tsarin kulle na farko, WEP, an fallasa rauninsa tun 2001, WPA2 na 2004 shi ne aka fi samu yanzu, sai WPA3 na 2018 a sababbin na'urori. Akwati biyu kuma na nufin baki biyu masu cin wuta, shi ya sa mai saiti yakan zama mai haɗa ƙaramin batir ko sola.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, ya kawo intanet daga tauraron ɗan'adam ba tare da ƙarfen sabis ba, amma shi ma a kan rufi ya tsaya. Rautar samfuri na biyu da ya zo da ita ba ta da ramin kebul, sai an sayi mahaɗi na daban kafin a iya ja zuwa wani sashen gida.