Yadda ake rubuta wa AI bayanin kayan aiki kafin a ba shi tsaron katangar intanet

Mahaifina yana fataucin shanu daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri zuwa Oko-Oba a Agege, ni kuma tun da na gama sakandare nake ɗan taɓa harkar intanet. Wannan bayani na 'yan uwanmu ne mazauna Kudu da ke da shagon intanet ko POS a gida, suna kula da shi daga nesa.

Mece ce katangar tsaro?

Katangar tsaro, wato fayawol, jerin dokoki ne a cikin rauta ko kwamfuta, masu faɗin saƙon da zai shiga da wanda za a tare. Doka tana duba adireshin IP da lambar ƙofa. Misali, ƙofa ta 443 ta shafukan intanet masu tsaro ce, ta 22 kuma ta shiga na'ura daga nesa ce ta hanyar SSH. A iptables na Linux da rautar MikroTik, daga sama ake bin dokokin zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke yanke hukunci.

Ina AI ya shigo?

Wakilin AI ba ya ganin rautarka. Abin da ake miƙa masa jerin kayan aiki ne, kowanne da suna, da bayani, da guraben da zai cike. Tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024 haka yake tafiya. Bayanin nan shi AI ke karantawa ya zaɓi abin da zai yi. Kamar ka ce wa dillali "sayar da jan san nan" alhali jajaye biyu ne a turke. In ya sayar da wanda ba shi ba, kai ka jawo.

Abin da ya same ni

Yayana yana da shago a Maiduguri, ni nake duba masa kwamfutar daga Agege. Bayanin da na rubuta wa kayan gogewa shi ne "yana goge doka da lambarta", shi ke nan. Na ce a goge ta 3 da ta 4. Ashe da an goge ta 3, sauran duk sai su matso sama. Da ya zo kan ta 4, tsohuwar ta 5 ya goge, ita ce kuwa mai bar ni in shiga ta ƙofa 22. Na kulle kaina a waje, sai da muka nemo wani ya je shagon da ƙafarsa.

Abubuwa 5 da bayani zai ƙunsa

1. Aikin kayan a jimla ɗaya: dubawa kawai yake yi, ko yana canza wani abu?
2. Lokacin da ba a amfani da shi.
3. Yadda ake cike kowane gurbi, da misali: adireshi kamar 192.168.1.10, lambar ƙofa daga 1 zuwa 65535, TCP ko UDP.
4. Inda sabuwar doka za ta zauna, sama ko ƙasa.
5. Abin da zai biyo baya, da ko ana iya mayar da shi.

Ga yadda na gyara nawa: "Yana goge doka ɗaya tak. Bayan gogewa lambobi suna canzawa, don haka sake duba jerin kafin ka goge wata. Kada ka taɓa dokar ƙofa 22 sai mai shago ya amince. Gogewa ba ta dawowa, ajiye kwafi tukuna."

Amma fa rubutu kaɗai ba ya isa, don AI yana iya kuskure ko da bayanin ya fita sarai. A raba kayan dubawa da na canzawa, a sa manhajar kanta ta ƙi taɓa muhimman dokoki. Masu MikroTik su riƙa kunna Safe Mode, wanda ke mayar da canje-canje idan haɗin ya katse.

Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a gaya musu illar katsewar layi. A watan Mayun 2013, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an rufe layukan waya na tsawon makonni, fatake a Legas suka rasa yadda za su ji farashin gida. Wancan ba a hannunmu yake ba. Na shagonka kuwa, ka zauna ka rubuta bayanin da kyau kafin ka miƙa makulli.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.