Damina da Kaka a Iware: Sauyin Lissafin Noma a Ƙasar Muri

Bahaushe ya kasa shekararsa gida huɗu: bazara da damina da kaka da rani. A ƙasashe irin su Kano da Katsina wannan lissafi ya ginu, inda ruwa kan zauna a watan Yuni ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, inda kuma gero da dawa ne ke cika rumbu. To, me ya sami waɗannan kalmomi da Bahaushe ya gangara da su kudu?

Iware, wadda ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari cikin Ƙaramar Hukumar Arɗo Kola, ta isa misali. Yankin yana ƙarƙashin Masarautar Muri, wadda ta samo asali daga jihadin ƙarni na 19, aka kuma mai da Jalingo fadarta a 1893, zamanin Sarki Muhammadu Nya. Sai dai tun kafin zuwan Fulani da Hausawa, Jukunawan Kona da Mumuye suna da nasu lissafin.

A nan ruwa kan fara tun Afrilu, ya kai Oktoba. Manomin doya, aikin da Mumuye suka shahara da shi, yakan binne iri kafin damina ta kankama, sabuwar doya ta shigo kasuwa wajen Agusta, tsakiyar marka, daidai lokacin da manomin Katsina ke kakkaɓe gindin rumbu. Masarar farko kan nuna kusan lokacin, ita kuwa dawa sai hunturu ya kawo kai. Ke nan kaka ta tashi daga zango guda mai biyo bayan damina, ta koma abin da ke zuwa kashi-kashi. A ganinmu, duk mai rubuta ƙamus da ya ɗaure kalmar ga Oktoba da Nuwamba kaɗai, Hausar Kano ya fassara, ya bar ta Muri a baya.

Baƙin iri ma sun taka rawa. Masara da rogo da gyaɗa daga nahiyar Amurka suka fito bayan ƙarni na 15, kodayake ana danganta sunan masara da ƙasar Masar. Rogo kuwa bai san kaka ba, domin yakan shekara a ƙasa, a tone shi ranar buƙata.

Lambu da jigo tsofaffin abubuwa ne a ƙasar Hausa. Amma shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda ya fara a farkon shekarun 1990, ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa, har rani, wanda a da lokacin cin rani ne, ya zama lokacin shinkafa da kayan miya a fadamun Binuwai.