Cutar Mantuwa A Tsakanin Tsofaffi: Yadda Ake Rage Haɗarinta Da Gane Ta Da Wuri

Abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, wato dattijo ya riƙa manta sunayen 'ya'yansa ko ya ɓace a unguwar da ya shekara hamsin a cikinta, likitoci sun tabbatar da cewa sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ne yake gamuwa da shi ba. Ana kiransa cutar mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyana ta a 1906. Mai bi masa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke jawowa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki.

Rage haɗari

A 2024, kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda, in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, yawan kitse a jini, shan taba, yawan shan barasa da rashin motsa jiki. Sauran su ne raunin ji, raunin gani, ciwon damuwa, kaɗaici, buguwar kai, gurɓacewar iska da ƙarancin ilimi tun yarinta.

Akasarin waɗannan suna yin ɓarnarsu ne tun mutum yana tsakanin shekara 40 zuwa 60. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago da ma'aikacin da ba ya rabuwa da kujerar ofis su ne a kan gaba wajen buƙatar rigakafi. Auna hawan jini da suga a kai a kai, shan maganin da likita ya rubuta ba tare da yankewa ba, rage gishiri, da tafiyar ƙafa ta aƙalla minti 150 a mako suna kare jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Haka nan cire yanar ido, amfani da na'urar ji ga mai buƙata, da sanya hular kwano a kan babur. Dattijon da ya yi ritaya kuwa, zaman majalisa, karatu da ziyarar 'yan uwa suna taimakon ƙwaƙwalwarsa.

Alamomin farko

Manta inda aka ajiye makulli a tuna daga baya ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne maimaita tambaya ɗaya sau da dama cikin sa'a guda, rikicewar lissafin kuɗi ga wanda ya ƙware a ciniki, kasa gane hanyar gida, laluben kalmomin yau da kullum, da sauyin hali kamar zargin iyali da sata ba dalili. Iyali ne suka fi saurin ganin haka, domin mai ciwon ba lallai ya lura ba.

Zuwa asibiti da wuri yana da amfani, domin ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa ko illar wasu magunguna na iya kama da cutar mantuwa, kuma ana warkar da su. Ko da an tabbatar ita ce, akwai magungunan da ke sassauta alamunta na wani lokaci, duk da cewa ba su warkar da ita. Sannan dattijo zai samu damar tsara dukiyarsa da wasiyyarsa da hankalinsa. Asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware suna duba irin wannan larura.

Tsohuwar da ke sambatu ko yawo cikin dare mara lafiya ce da ke buƙatar likita da haƙurin iyalinta. Jifanta da maita ko kulle ta a ɗaki yana ƙara mata ciwo ne kawai.