Jar Giyar Bordo a Tarihin Ciniki

Ɗalibin tarihin ciniki, ko da addininsa ya haramta masa giya, ba ya rasa abin lura a jar giyar Bordo ta Faransa. Turawan Ingila ne suka ɗaukaka ta, domin lardin yana hannun sarakunansu daga 1154 zuwa 1453. A 1855, zamanin Napoliyon na 3, aka kasa manyan gonakinta aji 5, tsarin da har yau kusan bai canja ba.

Haɗi ce: inabin Cabernet Sauvignon mai bauri kamar goro, da Merlot mai taushi. Takan yi wajen wata 18 a gangar katako, sannan shekaru a kwalba, har baurin ya kwanta. Ɗan abin da ya rage ke yanke maiƙo, shi ya sa Faransawa ke haɗa ta da gasasshen naman rago.